Usur da Tocila, Ban da Sanda: Lacca kan Sintirin Unguwa a Ajame da Tireshbil



Sarakunanmu na Hausawa, Allah ya ja zamaninku. Limamai da malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke zaune can gefe, sannunku da haƙuri. Samari kuma, na ga kun taru a bakin ƙofa kamar masu shirin gudu. Ku matso ciki, don yawancin maganar yau a kanku za ta sauka.

Tun da aka fara zancen cewa matasanmu suna son kafa ƙungiyar sintiri, dattawa biyu suka same ni, kowa da ranarsa. Na farko ɗan kasuwa ne a Ajame, sau biyu ana fasa masa shago cikin shekara ɗaya. Ya ce, "Malam, in ka tashi magana ka goyi bayan yaran nan, sata ta ishe mu." Na biyu tsohon mai gadi ne a Tireshbil, ya fi shekara talatin a garin nan. Ya kama hannuna ya ce, "Ka hana su. Baƙo ba ya riƙe sanda a garin mutane." Na kwana ina juya maganganun biyu, na rasa wanda zan ce bai da gaskiya. Laccar nan ƙoƙari ne na ba su amsa su duka biyu.

Mu fara da inda muke zaune. Ƙidayar 2021 ta ce mutanen Ajame kusan dubu 340 ne, na Tireshbil kuma dubu 106 da 'yan kai. Amma ƙidaya masu kwana take lissafawa. Wanda ya taɓa tsayawa a Liberté da ƙarfe bakwai na safe, ko ya yi ƙoƙarin ratsa titin Nangui Abrogoua daga Forum zuwa babban masallaci, ya san Ajame ta rana ta ninka ta dare ninkin-ba-ninki. Abobo da Yopougon da Anyama duk nan suke juyewa kowace safiya, ga motocin da ke sauke fasinjan Bouaké da Korhogo da Bamako da Yamai. An ce ma sunan Ajame a harshen Ebriye, masu ƙasar, yana nufin mahaɗa. Wuri ne da mutum zai yi sata ya yi taku goma ya zama baƙo a cikin baƙi. Tireshbil daban take. Bature ya yanka ta kamar gurbin dara, layi-layi, kowace avenue da lambarta, kowace rue da lambarta. Tsohuwar unguwa ce, tun 1934 take ɗauke da wannan suna, kuma akwai gidajen haya da iyali ɗaya suka yi shekara hamsin a ciki. Can mutane sun san juna. Don haka sintirin da zai yi aiki a Avenue 16 ba lalle ya yi aiki a tashar Ajame ba. Ɗaya unguwa ce mai ido, ɗaya kuma kogi ne mai gudu.

Mu kuma ina muke a cikin wannan? A bakin titi muke. Abincin da ɗalibi da lebura da ma'aikacin banki suka fi ci a Abijan, wato acheke da soyayyen kifin tuna, garba ake ce masa, kuma sunan mutanenmu ne da suka fara sayar da shi. Mai shayi da kofi na bakin hanya kuwa, aboki ake kiransa, ko mai kiran bai san ma'anar kalmar ba. Mai gasa nama namu ne. Mai gadin shago da mai gadin gidan manya, da yawansu namu ne. Ku duba da kyau, waɗannan duka mutanen dare ne da asuba. Lokacin da ɗan gari yake barci, mai shayi yana hura wuta, yana ganin wanda ya wuce da buhu a kai da ƙarfe uku, yana ganin motar da ta zagaya layi sau uku ba ta tsaya ba. Mun daɗe muna sintiri a garin nan, riga ce kawai ba mu saka ba. Abin da muka rasa shi ne inda za mu kai abin da idonmu ya gani.

Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina neman goro, suka bi ta Salaga har Bonduku, ba su da jandarma. Ayari ne yake tsare kansa. Madugu ke shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya, in an sauka zango a raba dare, wasu su kwanta wasu su zauna. Amma akwai abin da matasa ba su cika ji ba a labarin. Ayari bai taɓa shiga garin wani ya ce shi zai yi hukunci ba. Madugu yakan aika gaisuwa ga sarkin gari, a biya abin da za a biya, in rigima ta tashi a kai gaban mai ƙasa. Sun tsare dukiyarsu, ba su ƙwace sarautar kowa ba. Shi ya sa hanyar ta daɗe a buɗe.

To me ya sa zancen sintiri ya taso da ƙarfi a Abijan a 'yan shekarun nan? Kowa a nan ya san amsar. Bayan rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rai kusan 3,000, sai ga yara sun ɓullo daga Abobo da Attécoubé, garke-garke, da adduna da wuƙaƙe, su share layi guda cikin minti biyar. Aka sa musu suna microbes, wato ƙwayoyin cuta. Gwamnati ta fi son a ce musu yaran da suka saɓa da doka. Wasunsu shekara goma sha biyu, wasu ma ba su kai ba. Ajame ta sha wuyarsu ƙwarai, Williamsville da Bracodi da kewayen tasha, inda mata masu fita kasuwar Gouro da asuba suka fi kowa jin jiki. Hukuma ta yi nata: an kafa rundunar CCDO a 2013, aka fara samamen da ake kira Épervier a 2016, aka kwashi wasu yaran zuwa wuraren gyaran hali kamar na M'Bahiakro. Unguwanni ma suka tashi da nasu kwamitocin sa ido. Kowane gida ya ba da abin da ya samu, samari su zauna a bakin layi da usur, in an hura ɗaya sauran su amsa. A wurare da dama abin ya yi amfani, kada wani ya gaya muku bai yi ba. Ɓarawo ba ya son layin da ke da haske da mutum a farke.

Sai dai ku tuna da watan Afrilun 2015 a Attécoubé, nan bayan Ajame. Jama'a suka kama wani shugaban yaran da ake kira Zama, suka kashe shi, suka yi wa gawarsa abin da ba zan faɗa a gaban iyayenmu mata ba, aka yi ta yawo da hotuna a waya. Mutane suka yi guɗa. Na fahimci guɗar, don ya cuci mutane da yawa. Amma bayan mutuwarsa harin bai tsaya ba, shekaru aka ƙara ana yi. Abin da ya rage kawai shi ne yaran unguwa sun ga manya suna yanka mutum da rana tsaka, ana tafi.

Wani bincike da ƙungiyoyin Indigo da Interpeace suka fitar a 2017 ya nuna abin da duk mai zama a tasha ya riga ya sani. Yaran nan ba daga sama suka faɗo ba. Suna da gidaje, suna da iyaye, kuma suna da manya a bayansu, waɗanda suke kira vieux père, masu aikensu faɗan tasha da na siyasa, masu karɓar kayan da suka sato. Wato in ka doki yaron da sanda, reshe ka sara.

Ƙasar nan ta riga ta gwada sintiri mai makami, kuma ta ga farkonsa da ƙarshensa. Dozo, mafarautan gargajiya na arewa, irin 'yan taurinmu ne da mafarautanmu. A shekarun 1990, da fashi ya yi yawa, suka haɗu a ƙarƙashin sunan Benkadi, kalmar Jula mai nufin jituwa ta yi daɗi. Suka tsare ƙauyuka da hanyoyi, har cikin Abijan aka riƙa ɗaukarsu gadi. Mutane suka so su don ba sa tsoro kuma an yarda ba sa sata. A 1998 gwamnatin Bédié ta ce su koma yankinsu na asali. Da yaƙi ya ɓarke a 2002 sai da yawa suka shiga ciki. A Disambar 2013 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar nan a lokacin ya fitar da rahoto cewa tsakanin Maris 2009 da Mayu 2013 wasu dozo sun kashe aƙalla mutum 228. Mutanen da aka kira su kori ɓarawo, su ne aka wayi gari ana rubuta rahoto a kansu. Ban ce duk dozo haka yake ba, na san masu amana a cikinsu. Amma bindiga ba ta tambayar mai riƙe da ita niyyar da ya fara da ita.

Yanzu ga inda maganar tsohon mai gadin nan take da nauyi. Duk ranar da titi ya koma hannun masu sanda, wa ake fara tsayarwa? Waɗanda suka yi 2011 a garin nan ba sa buƙatar in tuna musu. Shingayen samari a Yopougon da sauran wurare, su ma kwamitin tsaron unguwa suke kiran kansu. A duba takardarka, a duba sunanka, a dubi rigarka. Akwai abin da suke kira article 125, wato fetur na dala ashirin da ashana ta dala biyar. 'Yan Mali da Burkina da Nijar da Nijeriya na cikin waɗanda aka ƙona da rai, ba don sun saci komai ba. A daidai wannan lokaci kuma, a Abobo da Ajame da Tireshbil da Koumassi, mata sun ƙirƙiro nasu sintirin. In an ga baƙuwar mota ta shigo layi cikin dare sai a hau buga tukwane da murafai, gida ya amsa wa gida, har unguwa duka ta farka. Ba su riƙe ko tsinke ba, amma sun ceci rayuka. Ina roƙon samari su ajiye waɗannan hotuna biyu a zuciya, shinge da tukunya, su tambayi kansu wanne suke son kafawa.

Kada a ce wannan tsohon labari ne. Ranar 19 ga Mayun 2021 wata mata ta hau Facebook da wani tsohon bidiyo da ba a Nijar aka ɗauke shi ba ma, ta ce ga 'yan Nijar suna azabtar da 'yan Kwaddibuwa. Kafin rana ta faɗi an far wa mutanenmu a Abobo da Anyama da Yopougon da Ajame, an fasa teburan masu garba, an jikkata mutane. Kotu ta ɗaure matar shekara biyar, kuma hukuma ta yi saurin kashe wutar, a yaba mata. Amma ku yi tunani, da a ranar akwai wata ƙungiyar Hausawa zalla mai riga iri ɗaya da gorori, da me za a ce? Da an ce ga sojojinsu nan.

A gida ma mun gani. 'Yan kato da gora sun taimaka wajen fitar da Boko Haram daga Maiduguri a 2013, ba mai musun wannan. 'Yan sa-kai a Zamfara kuwa, da suka fara kama Bafulatani a kasuwa suna yankawa ba shari'a, sun zuba wa wutar fetur, har yau ba ta mutu ba. Shi ya sa Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka mayar da aikin ƙarƙashin gwamnati, da horo da albashi. Kuma a watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, 'yan sintiri ne suka tare motar mafarauta 'yan arewa da ke komawa Kano yin salla, aka kashe goma sha shida. Mu da muka yi kukan Uromi bai kamata mu yi wa wani Uromi a Ajame ba.

To, kada Alhaji mai shagon nan na Ajame ya ce na watsar da shi. Ban ce a naɗe hannu ba. Ina cewa a yi sintiri, amma irin na tukunya.

Dokar ƙasar nan, irin wadda aka gada daga Faransa, ta yarda duk wanda ya ga ana aikata laifi ido da ido ya riƙe mai laifin ya miƙa shi ga hukuma mafi kusa. Iyakarta ke nan. Ba ta ba ka ikon bincikar jakar mutum ba, ba ta ba ka ikon tambayarsa takarda ba, ba ta ba ka ikon mari ko ɗaya ba. Wanda ya doki ɓarawo har ya karya shi, gobe su biyu ne a gaban alƙali, kuma in kai baƙo ne ka san wanda labarin zai fi bi. Don haka kayan aikin ɗan sintirinmu usur ne da tocila da waya mai kuɗi a ciki. Sai littafi. Littafin nan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma shi ya fi duka amfani. A rubuta sunan wanda ya fita yau, ƙarfe nawa, wane layi, me aka gani, wa aka kira. Ranar da aka ce 'yan sintiri sun yi kaza, littafi ne zai wanke ku ko ya nuna ɓatagarin cikinku. Kuma in kuka je wurin kwamishina da shafi talatin da ke nuna cewa a kusurwa kaza ake ƙwace waya tsakanin huɗu da biyar na asuba, zai saurare ku fiye da in kun je da ihu.

Na san abin da ke ranku da na ambaci kwamishina. Da yawanmu in mun hango ɗan sanda sai mu sake hanya. Tsoron yana da asali. Daga farkon shekarun 1990 har zuwa 2007 da aka soke katin zama ga 'yan ƙasashen CEDEAO, baƙo saniyar tatsa ne a bakin titi. Ni kaina an taɓa sauke ni daga motar haya ta gbaka, takarduna cikakku, aka tsare ni a rana har sai da jaka biyu ta fita daga aljihuna. Wanda aka yi wa haka ba ya mantawa. Amma zamani ya ɗan juya. Tun wajen 2013 aka fara kafa kwamitocin tuntuɓa a komisariyoyi, waɗanda ake kira CCE, inda limamai da fastoci da shugabannin al'umma da na mata da matasa suke zama da kwamishina, a faɗa masa gaskiya, har ƙarar yaransa a kai masa. Komisariya ta 2 tana Tireshbil, ta 3 tana Ajame, ba nisa. Ina tambaya, Allah ya ja zamanin sarakuna, ran da ake wannan zama kujerarmu wa ke kanta? In mun bar ta wofi, wasu ne za su faɗi ko mu su wane ne.

Kuma kada ƙungiyar ta zama ta Hausawa. A wannan ba ni da sassauci. Ta zama ta layi. Wanda ke kwana a layin, Bajule ne ko Mosi ko Baule ko Bayarabe ko Basanagale, nasa ne. Shugabanta ya fi kyau ya zama ɗan ƙasa, da sanin shugaban unguwa da ofishin magajin gari, da takardar rajista a hannu. Mu kawo abin da muka fi kowa, wato ido da farkawar dare. Rigar ma kada a rubuta mata komai da Hausa.

Sai batun kuɗi, wanda nan ne yawancin ƙungiyoyi suke ruɓewa. Kun san gnambro. Kullum kuna ganinsu a Liberté da Renault, ƙattai masu tsayawa a gaban gbaka da wôrô-wôrô suna karɓar kuɗin lodi, direban da ya ƙi a fasa masa gilashi, in rabo ya hargitse tsakaninsu a zaro adduna fasinja su watse. Ku tambayi tsofaffin direbobi. Za su ce muku da farko masu taimako ne, 'yan kamasho masu kiran fasinja da tsara layin mota. Ranar da taimako ya koma haraji, ranar aka haifi gnambro. Tsakanin ɗan sintiri da gnambro ba wani kogi ba ne, tafin hannu ne kawai da aka miƙa a bakin titi. Don haka kada mai sintiri ya karɓi ko dala daga hannun kowa yana kan aiki, ko da kyauta ce, ko da mai bayarwar ya rantse. Abin da gidaje da shaguna za su bayar, a kai wa ma'aji da rana, a rubuta, a karanta a gaban jama'a ƙarshen wata. Ni da za a bi tawa, mace za a ba ma'aji. Matan da ke riƙe adashin kasuwa shekara da shekaru ba a ji kansu ba sun fi mu iya wannan. Kuma a sa aikin ya zama karɓa-karɓa, kowa dare ɗaya ko biyu a mako, mai sana'arsa. Wanda ba shi da abin yi sai sintiri, wata rana sintirin zai ci.

Akwai wata magana mai ɗaci, ku yi mini haƙuri. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wayar da aka fizge a Tireshbil da safe, kafin azahar tana kan tebur a Ajame, a kewayen kasuwar Black Market ko wani lungu. Wa ke saye? Ba zan ce mu kaɗai ba, amma ba zan ce babu mu ba. Wanda ya sayi wayar jaka ɗari a jaka goma sha biyar daga hannun yaro mai zufa ya san abin da ya saya. Ba ma'ana mu kori yaro da dare mu karɓi kayansa da rana. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta hana mambobinta sayen kayan da ba rasit ta yi sintirin da ya fi na samari ɗari.

Na daɗe a kan ɓarayi, alhali ina ganin ba ta nan ya kamata a fara ba. A fara da titi, da rana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ta fi kowa asara in aka auna da yawan jama'a. A Kwaddibuwa ana rasa fiye da mutum dubu kowace shekara, da yawansu masu tafiya a ƙasa. Ku lissafa a cikin mutanenmu da muka kai maƙabartar Williamsville, nawa adda ta kashe, nawa gbaka ta taka. Gwamnati ba ta zauna ba. Ofishin kiyaye haɗura na OSER yana nan tun 1978. A 2021 aka fara kama masu gudu da kyamara, tara ta iske mutum a waya. Daga 1 ga Maris 2023 lasin tuƙi ya zama mai maki goma sha biyu, kowane laifi a zabge wasu. Ana kuma makon kiyaye haɗura daga 3 zuwa 10 ga kowane wata. Amma kyamara tana manyan tituna ne. Ba ta ganin yaron firamare da ke son tsallake layi a Arras da ƙarfe bakwai da rabi, ba ta ganin ɗan gbaka da ya tsaya tsakiyar hanya yaron motarsa yana lilo a ƙofa yana kiran Abobo, ba ta kama hannun tsohuwa.

Wannan aiki kuwa mun iya shi tun a gida. 'Yan agaji na ƙungiyoyin addini, a Kano da Maraɗi da Damagaram, su ke tsare hanya ran Juma'a da ran idi, ba albashi. Hukumar kiyaye haɗura ta Nijeriya da aka kafa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, har yau tana da reshen 'yan sa-kai, likitoci da malamai da 'yan kasuwa masu sa riga su fito titi kyauta. A nan ma duk Juma'a samari suna tsare hanya a gaban babban masallacin Ajame da masallatan Tireshbil in sahu ya fito waje, kuma ba wanda ya taɓa jin haushinsu. Abin da nake cewa shi ne a ɗauko wannan daga Juma'a a kai shi Litinin, daga ƙofar masallaci a kai shi ƙofar makaranta, ta gwamnati ce ko ta mishan. Mutum biyu da riga mai ƙyalli, rabin awa da safe, rabin awa da yamma, da izinin ofishin magajin gari. Uwar da ta ga ɗan Nijar yana tsallakar da ɗiyarta kullum, ran da wani ya zo mata da bidiyon ƙarya za ta yi jinkiri kafin ta yarda.

Kuma a koyi abin da ake yi in haɗari ya auku, don abin da muke yi yanzu yana ƙara gawa. Ana taruwa, wasu na ɗaukar hoto, wasu su cicciɓi mai rauni ta hannu da ƙafa su cusa shi a taksi, wuyan da ya tsage ya ƙarasa karyewa, wasu kuma su bi direba da duwatsu. Shi ya sa direba ke gudu ko da yana son tsayawa. Lambar 'yan kwana-kwana 180 ce, barikinsu na Indénié yana nan kusa da mu. Ɗan sintiri ya kira, ya buɗe wa motarsu hanya, ya danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, ya hana a motsa wanda ya bugu a wuya ko baya, ya tsaya tsakanin direba da jama'a. Ƙungiyar Croix-Rouge tana koyar da taimakon farko, kwana kaɗan ne. Ni a ganina kada a ba kowa usur sai ya nuna takardar wannan horo.

Aiki na ƙarshe da na ambata, tsayawa tsakanin mutum da taro, shi ne mafi wuya, kuma da shi zan gane ko ƙungiyarku ta yi. Wata safiya a kusa da tasha na ga an kama yaro da jakar wata mata. Bai fi shekara goma sha uku ba. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi, wani ya ɗauko bulo. Sai wani mai shayi, dattijo, siriri, ɗan wajen Tawa, ya ajiye butarsa ya ratsa taron ya zauna a kan yaron. Zama ya yi a kansa, kamar tabarma. Ya ce da Faransancinsa na kasuwa duk mai son dukan yaro ya fara da shi. Ya sha mangari biyu ko uku, hularsa ta faɗi. Yana nan zaune har motar 'yan sanda ta zo, aka ba matar jakarta, aka tafi da yaron da ƙafafunsa. Da ya koma teburinsa madararsa ta ƙone, wani kuma ya yi gaba da burodi biyu.

Ga takarda nan a gaban mai gabatarwa. Wanda yake da niyya ya rubuta sunansa da layinsa da sana'arsa, da daren da zai iya. Masu son aikin ƙofar makaranta su rubuta a bayan takardar. Alhaji mai shago, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah, kai za ka fara tambaya.